Kansar huhu: hoto ya nuna kaluluwa ta kumbura, me ya sa likita ke neman a ɗebo tsoka?

Tambaya: Mahaifinmu ɗan shekara 63 ne, an tabbatar yana da kansar huhu a ɓangaren dama. An yi masa hoton CT, muka kuma kai shi waje aka yi hoton PET. Duka biyun sun nuna kaluluwar tsakiyar ƙirji ta kumbura, a PET har tana haske. Likita ɗaya ya ce cutar ta bazu, tiyata ba za ta yi amfani ba. Wani kuma ya ce ba zai yanke hukunci ba sai an ɗebo wani abu daga kaluluwar, ko da allura ta maƙogwaro ko da 'yar tiyata a wuya. Shekarun baya ya taɓa shan maganin tarin fuka. Mun kashe kuɗi sosai a kan hotunan nan. Ashe ba su isa ba?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi. Ɗan'uwa, bisa abin da ka bayyana, ina tare da likita na biyu. Kuɗin hotunan bai tafi a banza ba, domin su ne za su nuna inda za a soka allurar. Amma hoto ba ya iya faɗin abin da ke cikin kaluluwa, kuma a kan abin da ke cikinta ne za a gina duk maganin Baba. Maganar tarin fukan da ka sako a ƙarshe ita ce ma ta fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi.

Kaluluwar da mutane suka sani ita ce ta hammata ko matsematsi, wadda ke tashi idan an ji ciwo a hannu ko ƙafa. Irinta tana nan da yawa a cikin ƙirji, jere a gefen bututun iska da kewayen manyan jijiyoyin jini. Aikinta tace ruwan da ke fitowa daga huhu, don haka duk abin da ya taso daga huhu, ƙwayar cuta ce ko ƙura ko kansa, a nan yake fara yada zango. Likitoci sun raba su tasha-tasha har 14, bisa taswirar da ƙungiyar nazarin kansar huhu ta duniya, IASLC, ta fitar a 2009. Idan kansa ba ta taɓa ko ɗaya ba, ana rubuta N0. Idan ta tsaya a na cikin huhun ko na bakin ƙofarsa, N1 ke nan. Idan ta shiga na tsakiyar ƙirji a ɓangaren da ƙarin yake, ko na ƙarƙashin mararrabar bututun iska, wato tasha ta 7, N2 ce. Idan ta tsallaka ɗaya ɓangaren ko ta hau saman ƙashin wuya, ta zama N3. Mai N0 ko N1, muddin jikinsa zai ɗauka, tiyata ce babbar damarsa ta warkewa. Mai N3 galibi gashi da kemo ake haɗa masa, wato ƙona ƙarin da hasken na'ura tare da magunguna masu kashe ƙwayoyin kansa. N2 ce ke tsakiya, kuma a kanta ake yawan muhawara, har ta kai ga tsarin da ya fara aiki a 2025 ya raba ta biyu: N2a idan tasha ɗaya ce, N2b idan sun fi ɗaya.

Kuskure a nan iri biyu ne, kuma kowanne da ɗacinsa. Ko a ce kaluluwa lafiya lau take alhali kansa na ciki, a buɗe ƙirjin mutum a cire masa rabin huhu ba tare da ya amfana ba. Ko kuma a ce ta kamu alhali tsohon tabo ne, a hana shi tiyatar da za ta iya raba shi da cutar. Na biyun ya fi damuna, domin shi ba a cika gano shi ba. Wanda aka hana tiyata bisa kuskure babu ranar da za a buɗe a gani.

CT girma kawai yake aunawa. Ƙa'idar ita ce, kaluluwar da kaurinta ya wuce santimita 1 abar zargi ce. To amma kansa na iya zama cikin 'yar ƙaramar kaluluwa mai milimita 6, kuma tsohon ciwo na iya kumbura wata har ta kai santimita 2 babu kansa ko ɗigo. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta tattara bincike masu yawa a 2013, ta samu cewa cikin mutum 100 da kansa ta shiga kaluluwar tsakiyar ƙirjinsu da gaske, CT na kama kusan 55 ne kawai. Cikin mutum 100 masu tsabtatacciyar kaluluwa kuwa, yana ɗora wa kusan 19 zargin da ba su ji ba ba su gani ba. Ba wanda zai yarda a yanke wa mahaifinsa hukunci da ma'auni irin wannan.

PET ya fi shi, domin shi aiki yake kallo ba girma ba. Ana yi wa mutum allurar wani sukari mai ɗauke da sinadarin da na'ura ke iya hangowa, bayan ya yi awa 4 zuwa 6 bai ci komai ba. Ƙwayoyin kansa mayunwata ne, suna zuƙe sukarin fiye da sauran tsoka, sai wurin ya yi haske. A lissafin nan na 2013, PET na kama kusan 77 cikin 100, yana kuma zargin kusan 14 cikin 100 na masu lafiyayyar kaluluwa. Ya yi wa marasa lafiya babban amfani, ba na musun haka. A wani gwaji da aka yi a Holan a kan mutum 188, wanda aka buga a 2002, ƙara PET a binciken kafin tiyata ya rage buɗe ƙirji marar amfani daga kashi 41 cikin 100 zuwa kashi 21. Babban ƙarfinsa shi ne leƙa duk jiki, ya gano in cutar ta ɓuya a ƙashi ko hanta ko 'yar halittar da ke saman ƙoda.

Amma ba kansa kaɗai ke cin sukari ba. Ƙwayoyin jinin da ke yaƙi da cuta su ma suna ci, sosai ma. Hasken PET kamar hango hayaƙi ne yana tashi daga wani gida: ka tabbata akwai wuta, amma daga nesa ba za ka ce girki ake ko gobara ba. Tarin fuka na sa kaluluwa haske. Haka cutar sakoyidosis, wadda ke kumbura kaluluwar ƙirji ba tare da kansa ba, da wasu cututtukan huhu na funfuna, da ƙurar da masu fasa dutse da mahaƙa ma'adinai ke shaƙa shekara da shekaru. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA a 2014 ya duba yadda PET ke bambance ƙarin huhu mai kansa da marar kansa. A yankunan da cututtukan huhu masu yaɗuwa suka yi yawa, iya wanke marar kansa ya sauka zuwa kashi 61 cikin 100, alhali a sauran wurare kashi 77 ne. Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya. Alƙaluman da ke cikin littattafai mafi yawansu daga Turai da Amurka aka samo su, inda tarin ya yi ƙaranci. Don haka hasken PET a ƙirjin dattijon da ya taɓa shan maganin tarin fuka bai kai nauyin irin wannan haske a ƙirjin mutumin Holan ba. Wannan kaɗai ya isa a ce sai an ɗebo an duba.

Ta ɗaya gefen kuma, PET ba ya ganin abu ƙarami. Kansar da ba ta kai 'yan milimitoci ba a cikin kaluluwa takan wuce shi shiru, kuma in sukarin jinin mutum ya hau a ranar hoton, hasken kan dushe. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar likitocin tiyatar ƙirji ta Turai ta 2014 ta ce ko da CT da PET sun wanke tsakiyar ƙirji, a ɗebo tsoka idan ƙarin yana kusa da tsakiya, ko ya wuce santimita 3, ko ana zargin N1. Wanda ake wucewa da shi tiyata kai tsaye shi ne mai ƙaramin ƙari a gefen huhu, wanda hotunan biyu suka wanke.

Yanzu ga hanyoyin ɗebo tsokar. Tsohuwar ita ce 'yar tiyatar wuyan da aka ambata muku, midiyastinoskofi, wadda likitan Suwidin Eric Carlens ya bayyana a 1959. Ana sa mutum barci gaba ɗaya, a yi ɗan yanka a ƙasan wuya, daidai kwarmin da ke saman ƙashin ƙirji, a zura bututu mai fitila yana bin gaban bututun iska. Likita na ganin kaluluwa da idonsa, ya gutsuro babban yanki ko ya ciro ta ɗungurungum. Tana kaiwa tasha ta 2 da ta 4 dama da hagu, da gaban tasha ta 7. Shekaru kusan 50 ita ce ma'aunin da ake gwada sauran hanyoyi da shi. Ta gargajiya na kama kusan 78 cikin 100, mai kyamara kuwa kusan 89. Matsala na faruwa ga kusan mutum 2 cikin 100, rasa rai kuma bai kai 1 cikin 1,000 ba. Abin da aka fi tsoro shi ne zubar jini daga manyan jijiyoyin da ke maƙwabtaka da wurin, da taɓa jijiyar murya ta hagu, wadda kan bar mutum da dishewar murya.

Sabuwar ita ce allurar maƙogwaro, EBUS, wadda ta bazu daga Japan a farkon shekarun 2000. Siririn bututu ne mai lanƙwasa, a bakinsa akwai na'urar sikanin irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, sai dai 'yar mitsitsiya. Ana shigar da shi ta baki zuwa bututun iska, likita ya hango kaluluwa ta bayan bango, ya ga jijiyar jinin da ke gefenta, ya soka allura yana kallon bakinta a allo. Babu yanka, sau da yawa maganin sa gyangyaɗi ya wadatar, kuma mutum kan koma gida a ranar. Tana kaiwa inda tiyatar wuya ke kaiwa, ta ƙara da tasha ta 10 da ta 11 na bakin huhu. 'Yar'uwarta, EUS, ta hanyar abinci take bi, ta kai tasha ta 8 da ta 9 da ke can ƙasa, da 4 ta hagu, da bayan 7, har ma da halittar saman ƙodar hagu. Kowacce na kama kusan 89 cikin 100, in aka haɗa su a zama ɗaya kusan 91. Saura tasha ta 5 da ta 6, na gefen babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya, waɗanda kansar saman huhun hagu ke son zuwa. Su sai dai tiyatar kyamara ta tsakanin haƙarƙari, ko ɗan yanka a gefen ƙashin ƙirji irin wanda McNeill da Chamberlain suka bayyana a 1966. Tunda ƙarin Baba a dama yake, da wuya wannan ta shafe ku.

To wacce ta fi? An gwada su fuska da fuska. A Toronto ta Kanada, an yi wa mutum 153 duka biyun a zama ɗaya, aka buga sakamakon a 2011: allura ta kama kashi 81, tiyatar wuya kashi 79. Kusan kunnen doki. Gwajin da ya sauya yadda ake aiki shi ne ASTER, wanda aka yi a Holan da Beljiyam da Ingila a kan mutum 241, aka buga a 2010. An raba su biyu. Rukuni ɗaya aka yi musu tiyatar wuya kaɗai, ta kama kashi 79. Ɗayan aka fara da allura ta hanyoyin biyu, wadda ita kaɗai ta kama kashi 85, sannan wanda allura ta wanke aka bi shi da tiyatar wuya, jimilla ta tashi kashi 94. Buɗe ƙirji marar amfani ya kasance kashi 18 a rukunin farko, kashi 7 a na biyu. Daga nan ƙa'idojin Turai da na Amurka suka koma cewa a fara da allura. Wani gwaji a Ingila, a 2015, ya ƙara nuna cewa farawa da EBUS na rage jiran yanke shawarar magani daga kwana 29 zuwa 14, kuma duk wanda ya zauna jiran sakamako ya san nauyin mako biyu.

Akwai wani bambanci da nake so ka riƙe sosai. Idan allura ta fito da kansa, magana ta ƙare, domin da wuya ƙwarai ta yi ƙarya ta wannan fuska. Idan ta fito babu komai, sai an tambaya: babu ne da gaske, ko allurar ce ta kuskure? Shekaru da dama amsar ita ce a bi da tiyatar wuya don tabbatarwa. Gwajin MEDIASTrial na Holan da Beljiyam, mutum 360, wanda aka buga a 2023, ya sassauta wannan. Waɗanda aka wuce da su tiyata kai tsaye bayan cikakken binciken allura ya wanke su, an tarar da N2 ba zato a kashi 8.8. Waɗanda aka fara yi wa tiyatar wuya, kashi 7.7. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Amma a lura, allurar da aka yi a gwajin nan cikakkiya ce, tasha-tasha, a hannun waɗanda suka ƙware. Ni a nawa ganin, idan kaluluwa babba ce, tana haske sosai, allura kuma ta dawo da jini kawai ko ƙwayoyin bangon bututun iska, ba a wanke komai ba. Wannan samfurin bai isa ba ne, sai a maimaita ko a tafi tiyatar wuya. Amma idan ta dawo da tsokar kaluluwa mai kyau, ta kuma nuna dalilin hasken, misali alamun tarin fuka, to an samu amsa mai gamsarwa.

Wannan ya kawo ni kan abin da alƙaluma ba sa nunawa, wato hannun mai yi. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2005, a kan marasa lafiya sama da 11,000 da aka yi wa tiyatar kansar huhu, ya gano cewa kashi 27 ne kawai aka yi wa tiyatar wuya, kuma a cikinsu ƙasa da rabi ne aka samo tsokar kaluluwa. An sa mutum barci, an yanka, an fito hannu wayam. Haka allura take: wanda ya soki kaluluwa ɗaya da ta yi haske ya tashi, bai auna matakin cuta ba. Yadda ya kamata shi ne a duba aƙalla tasha ta 4 dama da hagu da ta 7, a soki duk wadda ta wuce milimita 5, kowacce kamar sau 3. A kuma fara da na ɗaya ɓangaren, sannan na ɓangaren ƙarin, sannan na bakin huhu, don kada allura ta kwaso ƙwayar kansa daga tasha ta kusa ta kai ta ta nesa, a ɗora wa mutum matakin da bai kai ba. Don haka midiyastinoskofi a hannun gwani ta fi EBUS a hannun ɗan koyo, haka kuma akasin haka. Kada ka ji nauyin tambayar likitan sau nawa yake yin aikin a wata, da tashoshin da yake niyyar dubawa. Likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Akwai inda likitan farko zai yi daidai. Idan ƙari ya mamaye tsakiyar ƙirji har ya naɗe jijiyoyi, ba a ma iya bambance kaluluwa ɗaya da wata, hoto ya isa a san matakin. Haka idan an tabbatar cutar ta kai wata gaɓa mai nisa, batun kaluluwa ba shi ne ke jan ragama ba. Abin da ka kwatanta kuwa kaluluwa ce a rarrabe, mai kumburi da haske, kuma a irin wannan ne ƙa'idojin suka haɗu a kan a ɗebo tsoka.

Kafin a kai ga kowacce, akwai abu mai araha da ake yawan tsallakewa: a lalubi saman ƙashin wuyan Baba da hannu, a kuma ɗora masa sikanin a wurin. In an ga kaluluwa abar zargi, siririyar allura ta fata ta isa, cikin 'yan mintuna, a asibitin da ba shi da EBUS ma. In ta nuna kansa, N3 ce, an huta da sauran wahala. Sannan duk abin da aka ɗebo, ku roƙa a raba shi: kashi ɗaya a duba ƙwayoyinsa a madubin likita, kashi ɗaya a yi gwajin tarin fuka, wato gwajin na'urar GeneXpert da na shuka ƙwayar cutar a ɗakin gwaji. A ajiye isasshe kuma don gwajin EGFR da ALK da PD-L1, wato wasu alamomi da ake nema a ƙwayoyin kansar, domin su ne ke nuna ko akwai ƙwayar magani ta musamman ko maganin zaburar da garkuwar jiki da zai dace da shi. Mutum na iya samun kansa a huhu da tarin fuka a kaluluwa lokaci guda, kuma sanin haka kafin a fara kemo na da muhimmanci ƙwarai, saboda kemo na raunana garkuwar jiki. Idan Baba na shan maganin tsinka jini, a sanar da likita tun da wuri don a tsara ranar dakatarwa, kada ku dakatar da kanku.

Ko da sakamakon ya fito N2, kada ku ɗauka ƙofa ta rufe. Mai tasha ɗaya sau da yawa ana ba shi kemo haɗe da maganin garkuwar jiki, sannan a sake aunawa a yi tiyata. Wanda tiyata ba ta dace da shi ba ana haɗa masa gashi da kemo da niyyar warkarwa, ba don lallaɓawa kawai ba. Nan ma akwai hikimar farawa da allura. Tiyatar wuya na barin tabo a ciki, wanda ke sa maimaita ta wahala da haɗari. In aka fara da allura yanzu, wuyan na nan a ajiye, za a iya amfani da shi bayan magani don a tabbatar kaluluwar ta washe kafin a taɓa huhun. In kuma an kai ga babbar tiyatar, ku tabbata likitan zai ciro kaluluwa daga aƙalla tasha 3 na tsakiyar ƙirji, har da ta 7, haɗe da na bakin huhu, kowacce a kwalbarta da lambarta, domin da wannan rahoton ne za a yanke ko Baba na buƙatar ƙarin magani bayan an sallame shi.